Labarin Gidan Littattafai na Iskandariya, da Gardamar da Aka Yi a Kan Gininsa

Ran 16 ga watan Oktoba, shekara ta 2002, aka buɗe sabon gidan littattafai, watau laburare, a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar, daf da bakin Bahar Rum. Sarauniyoyi da shugabannin ƙasashe suka hallara, aka yi biki irin wanda ya dace da babban aiki. Amma tun kafin a buɗe ƙofarsa mutane sun rabu biyu a kan ginin. Waɗansu suka ce Masar ta daɗe ba ta ga gini mai kyau da hikima kamarsa ba. Waɗansu kuwa suka ce rumbu ne aka ƙawata alhali ba a noma abin da za a zuba ciki ba.

Mun ga ya kamata a sa wannan labari cikin littafin tunawa da ma'aikatan En'e domin dalili guda. Ku da kuka riƙe alƙalamin Baitulmali da ofishin ayyuka, da waɗanda suka gaje ku a majalisun sarakuna da ƙananan hukumomi, kun san ginin hukuma yana da ranaku iri biyu. Akwai ranar buɗewa, ita guda ce tak. Akwai kuma sauran ranakun da ke biye, waɗanda babu kiɗa babu algaita cikinsu, sai albashin ma'aikaci, da gyaran rufi, da sayen abin aiki. Tarihin Iskandariya, na dā da na yanzu, ya nuna wace ce cikin biyun ta ke yanke hukunci a kan gini.

Gidan Farko

Sarki Iskandar na Makidoniya ne ya kafa birnin cikin shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, birnin kuwa ya ci sunansa. Waɗansu malaman dā sun ɗauka shi ne Zulƙarnaini, waɗansu sun musa. Bayan rasuwarsa Masar ta faɗa hannun ɗaya daga cikin sarakunan yaƙinsa, Batlaimus, wanda zuriyarsa ta yi mulki kusan shekara 300. A zamanin Batlaimus na farko da ɗansa na biyu aka kafa wata majalisar malamai cikin unguwar fada, aka haɗa mata taskar littattafai. Sarki ne ke ciyad da malaman, ya ba su masauki, ya yafe musu haraji, aikinsu shi ne karatu da bincike da rubutu.

Littattafan zamanin ba su da bango da shafi irin namu. Ana rubutu a kan takardar bardi, wadda a ke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu mai kama da kacalla, sa'an nan a naɗe kamar tabarma. Marubutan dā sun saɓa a kan yawan naɗin da ke cikin taskar, daga mai cewa 40,000 har mai cewa 700,000. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne kwaɗayin sarakunan ga littafi. Likita Jalinusu, wanda ya yi rubutu ƙarnoni bayan haka, ya ba da labari cewa duk jirgin ruwan da ya tsaya a mashigin birnin a kan karɓe littattafan da ke ciki, a kwafa, a riƙe na asali, a mayar wa mai shi da kwafin. Ya ce kuma Batlaimus na uku ya ari littattafan manyan marubutan wasan kwaikwayo daga hukumar birnin Atina, ya ba da jinginar azurfa talanti 15, daga baya ya aika musu da kwafi, ya ce su riƙe jinginar.

Tara littafi dabam, sanin inda ya ke dabam. Wani malami mai suna Kalimakus ya zauna ya tsara jerin marubuta bisa ga fanninsu, da sunan kowa da littattafansa, har jerin kansa ya cika naɗi 120. Duk magatakardan da ya taɓa neman fayil cikin ofis marar rajista ya san darajar wannan aiki. Wani kuma, Iratostinis, wanda ya shugabanci taskar, ya ji cewa a garin Aswan da ke kudu akwai rana guda cikin shekara da sanda ba ta yin inuwa da tsakar rana. Ya auna inuwa a Iskandariya a irin wannan rana, ya sami kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin, ya fid da kewayen duniya kusa da daidai.

Siffar ginin kuwa ba ta iso gare mu ba, domin har yau masu tonon kufai ba su tabbatar da harsashinsa ba. Istirabo, masanin ƙasashe, wanda ya zauna a birnin a farkon mulkin Rumawa, ya ambaci majalisar malaman kawai, ya ce tana da rumfar zagayawa, da wurin zama, da babban zaure inda su ke cin abinci tare. Ginin da ya fi kowane gidan littattafai suna a tarihi, da aikin da aka yi cikinsa a ke tunawa da shi.

Yadda Ya Lalace

Mutane da yawa suna tsammani gobara guda ce ta cinye taskar cikin dare ɗaya. Masu binciken tarihi ba su yarda da haka ba. Lalacewar ta zo sannu sannu, cikin ɗaruruwan shekaru.

Cikin shekara ta 145 kafin haihuwar Annabi Isa rikicin gadon sarauta ya tashi, Batlaimus na takwas ya kori malamai daga birnin, suka watsu cikin ƙasashe. Shugaban taskar, Aristarkus, ya tafi tsibirin Kubrus, can ya rasu. Wata tsohuwar takardar bardi da aka tono a Masar, mai jerin sunayen shugabannin taskar, ta nuna bayansa an ba wani daga cikin masu māsu na fada muƙamin. Watau kujerar malami ta zama kyautar barde. Cikin shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyas Kaisar na Rum ya sa wa jiragen ruwa wuta a mashigi sa'ad da aka tsare shi a fada, wutar ta tsallaka tudu ta ci littattafai masu yawa. Duk da haka majalisar malaman ta ci gaba. Sai dai a ƙarƙashin Rumawa shiga cikinta ta zama lada da a ke ba manyan ma'aikata da hafsoshi, ko sun yi karatu ko ba su yi ba. Cikin shekara ta 272 ta Miladiyya yaƙin Sarki Aureliyan ya rushe yawancin unguwar fada. Cikin 391 aka rushe haikalin Sarabiyum, inda a dā a ke ajiye reshen taskar.

Akwai wani labari da ya bazu, wai da Amru ɗan Asi ya ci birnin wajen shekara ta 642, Halifa Umar ya umurce shi ya ƙone littattafan, har aka yi wata shida ana hura wutar gidajen wanka da su. Wannan labari ba a same shi a rubuce ba sai bayan shekara fiye da 500 da cin birnin, marubutan da suka yi zamani da abin kuwa ba su ambace shi ba. Saboda haka manyan masana tarihi, na gabas da na yamma, sun yi watsi da shi.

Akwai kuma wani maƙiyi wanda ba ya zuwa da runduna. Takardar bardi ba ta jure laimar bakin teku. Naɗin da ba a sake kwafarsa ba, shekaru kaɗai sun isa su cinye shi. Saboda haka taskar tana bukatar marubuta kullum, marubuta kuwa suna bukatar albashi. Ranar da fada ta janye hannunta, littattafai suka fara mutuwa a kan kantocinsu ba tare da kowa ya ƙyasta wuta ba.

Yadda Aka Sake Ginawa

Shawarar maido da gidan ta fito daga Jami'ar Iskandariya, inda aka kafa kwamiti cikin 1974. Malamin tarihi Mustafa al-Abbadi yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kai. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta goyi baya, ran 26 ga Yuni 1988 Shugaba Husni Mubarak ya aza harsashi a unguwar Shatbi, gefen mashigin gabas, wurin da a ke kyautata zaton yana cikin unguwar fadar dā.

Aka yi shela ga masu zanen gini na duniya su kawo tsari, aka sami zane fiye da 500. Cikin 1989 alƙalai suka zaɓi na wani ƙaramin kamfani na ƙasar Norwe mai suna Snøhetta, na waɗansu samari da ba su taɓa yin aiki mai girman wannan ba. Suka haɗa hannu da injiniyoyin Masar na kamfanin Hamza. Cikin Fabrairu 1990 aka yi taro a Aswan, aka yi alkawarin gudummawa ta dala miliyan 65, yawancinta daga Iraƙi da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Aikin gini sosai ya fara cikin 1995, ya ci wajen dala miliyan 220. Cikin 2001 aka yi wa gidan doka tasa ta kansa, aka ba shi majalisar amintattu, aka naɗa Isma'il Sirajuddin, wanda ya taɓa zama mataimakin shugaban Bankin Duniya, ya zama shugabansa na farko.

Abin da Mai Ziyara Zai Gani

Wanda ya biyo babban titin bakin teku zai hangi wani abu kamar ƙaton faifai da aka jingina, gefensa ɗaya ya nutse ƙasa wajen teku, ɗaya gefen ya tashi sama wajen gari. Faɗin faifan mita 160 ne, watau wajen ƙafa 525, tsayinsa a inda ya fi tashi mita 32. Fuskarsa ƙarfe ne mai haske da gilashi, tafki marar zurfi ya kewaye shi. Masu zanen sun ce rana ce su ke nufi, tana fitowa daga teku. A filin ƙofa akwai wani dunƙulallen ɗaki kamar ƙwallo inda a ke nuna tafiyar taurari, da wata siririyar gada ta masu ƙafa wadda ta taso daga wajen jami'a.

In ya zaga ta wajen gari sai ya tarad da doguwar katanga mai lanƙwasa, ta dutse mai ruwan toka da aka sassaƙo daga Aswan, garin nan da Iratostinis ya yi awonsa da shi. An sassaƙa mata haruffa na irin rubutu wajen 120, na dā da na yanzu, manya da ƙanana. Ba su haɗu sun ba da wata kalma ba, da gangan aka bar su haka, don kada a ce an fifita harshen wata al'umma. Mai karatun allo zai tsinci harafin da ya sani, ɗan boko ma haka.

Ciki ne abin mamaki ya ke. Ginin hawa goma sha ɗaya ne, huɗu daga ciki suna ƙarƙashin ƙasa, amma ɗakin karatun zaure guda ne a ƙarƙashin rufi guda. Daɓensa yana gangarawa mataki mataki, kamar gonakin da a ke yi a jikin dutse, kowane mataki da teburansa da kantocinsa. Yana ɗaukar masu karatu 2,000 a zama ɗaya. An jera fannoni daga ƙasa zuwa sama, addini da falsafa da tarihi a can gindi, kimiyya da sana'o'in zamani a bisa. Siraran ginshiƙai na kankare sun tallafi rufin, kawunansu sun buɗe kamar tohon bado, irin na haikalan Masar na dā. A jikin bango an yi ƙananan alkuki jere jere, don tunawa da inda a ke cusa naɗin bardi.

Babbar dabara tana cikin rufin. Rana abokiyar gābar takarda ce, duhu kuwa abokin gābar mai karatu. Sai aka yanka tagogin rufin a karkace suna duban arewa, yadda haske zai cika zauren amma zafin rana ba zai sauka kai tsaye a kan littafi ko a kan mutum ba. Wata dabarar kuma ido ba ya ganinta. Ginin ya nutse ƙasa da ruwan teku wanda ke kusa da shi ƙwarai, saboda haka kafin a ɗora kome sai da aka kafa katangar kankare mai da'ira a cikin ƙasa don ta tare ruwa.

Ban da zauren karatu akwai ɗakin littattafan yara, da na makafi wanda aka ba sunan Ɗaha Husaini, marubucin Masar wanda ya makance tun yana ƙarami. Akwai gidajen ajiye kayan tarihi, da ɗakin tsofaffin rubuce-rubucen hannu inda a ke gyara waɗanda suka tsufa.

Masu Yabo da Masu Kushe

Masu yabo suka ce samarin nan sun tsira daga tarkon da ya fi sauƙin faɗawa. Da sun so, da sun jera ginshiƙai irin na Yunanawa sun ce ga taskar Batlaimus ta dawo, alhali ba wanda ya san kamanninta, sai ya zama ƙarya ce aka gina da dutse. Suka yaba kuma da yadda ginin ya sunkuya wajen teku bai tsaya ya tare wa kowa iska ba, da yadda aka yi zaure guda inda ɗalibi da shaihin malami ke zama ƙarƙashin rufi ɗaya suna ganin juna. Cikin 2004 aka ba ginin lambar Aga Khan, wadda a ke bayarwa ga gine-ginen da suka amfani al'ummomin Musulmi.

Masu kushe sun kasu kashi kashi. Na farko su ne masu duban siffa. Ga idonsu faifan baƙo ne a birnin, ba kubba, ba baka, ba wani abin da zai tuna wa mutum ginin Larabawa, har a kan kwatanta shi da jirgin da ya sauko daga wata duniya. Akwai kuma maganar cewa ya fuskanci teku da Turai, ya juya wa gari baya da katangar dutse.

Na biyu su ne masu kishin kufai. Sun yi kuka cewa an sa motocin haƙa a wurin da ke cike da tarihi kafin a bincika shi yadda ya kamata. Da aka tsaya aka yi ɗan bincike cikin 1993 sai ga daɓe biyu na zamanin Batlaimus, waɗanda aka yi wa zane da ƙananan duwatsu masu launi, ɗaya da hoton kare zaune kusa da tulun ƙarfe, ɗaya da 'yan kokawa. Suna nan cikin gidan a yau. Wanda ya gan su ba zai rasa tambayar kansa abin da ya tafi cikin ƙasar da aka kwashe ba.

Na uku su ne masu lissafi, su ne kuwa maganarsu ta fi nauyi. An yi wa gidan wurin littafi miliyan 8, amma ranar buɗewa abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, da yawa kuma kyauta ce daga ƙasashe, kowa ya aiko abin da ya ga dama. Suka ce ƙasar da ke da jama'a masu yawa da ba su iya karatu ba, da ta raba kuɗin nan ga makarantu da ƙananan ɗakunan karatu na unguwanni, da ya fi. Suka ƙara da cewa gidan jama'a ne aka ce, ga shi kuwa sai mai ziyara ya yanki tikiti a ƙofa.

In an auna, maganar siffa ita ce mafi rauni. Iskandariya tun kafuwarta birnin haɗuwa ce, Bayunane ya kafa ta, Misirawa da Yahudawa da Rumawa da Larabawa duk sun yi gini cikinta, babu salo guda da zai ce shi kaɗai ne ɗan gari. Ginin kuwa ya yi aikin da aka ɗora masa, gama mutum yana iya zama cikinsa ya yi karatu da hasken rana ba tare da rana ta dame shi ba. Masu kishin kufai sun yi gaskiya, abin da aka rasa kuma ba ya dawowa. Masu lissafi ma sun yi gaskiya, sai dai ƙararsu ba ta mai zane ba ce. Ta waɗanda suka tsara kuɗi ce, da suka yi tanadin bango sosai, suka bar abin da za a sa cikinsa ga alherin masu kyauta.

Abin da Shekaru Suka Nuna

Sannu a hankali kantoci suka riƙa cika. Babban gidan littattafai na ƙasar Faransa ya ba da kyautar littafi 500,000, waɗanda suka iso wajen 2010. Aka shiga ɗaukar hoton littattafan Larabci ana sa su cikin kwamfuta don mai nisa ya karanta ta intanet. Ɗaliban jami'ar da ke maƙwabtaka suka mai da zauren wurin karatunsu, aka riƙa yin lacca da taron malamai da nune-nune.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo cikin Janairu da Fabrairu na 2011, sa'ad da jama'ar Masar suka tashi a kan mulkin Mubarak. A Iskandariya an ƙone ofisoshin 'yan sanda da waɗansu gine-ginen hukuma. Gidan littattafan kuwa kowa ya san aikin gidan Mubarak ne, matarsa Suzan ce ke shugabancin majalisar amintattunsa, ga shi kuma ba ganuwa gare shi ba, fuskarsa gilashi. Amma samarin gari suka riƙe hannun juna suka tsaya a gabansa, ba a taɓa shi ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutanen da suka yi shekara takwas suna shiga suna fita sun riga sun ɗauki gidan nasu ne, ko wane ne ya aza harsashinsa.

Rabonmu Cikin Wannan Labari

Kada mai karatu ya ce wannan zancen manyan ƙasashe ne masu miliyoyin dala. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa En'e-En'en Arewa sun buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, inda mutum zai zauna ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin 1939, da littattafan da a ke bugawa a Zariya. Cikin 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna don ya taimaka musu. Tsarin En'e ya ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma nauyin bai ƙare ba, ya koma kan magada. Kowa cikinku ya san garin da ɗakin karatunsa ya rayu, ya kuma san wanda nasa ya zama ma'ajin karyayyun kujeru. Ba safai a kan sami gobara cikin labarin irin wannan ɗaki ba. Sayen jarida ne ya tsaya, aka ɗauke ma'aikacin da ya san aikin aka kawo wanda a ke son a saka wa, rufi ya fara yoyo ba a gyara ba.

Ga kuma wani misali daga ƙasar Hausa kanta. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai tsohon masallacin ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar Aga Khan cikin 1986, lambar nan da Iskandariya ta samu daga baya. Da masallacin ya tsufa ya fara lalacewa, maimakon a rushe shi sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ta Nijar da Yasaman Esmaili ta Iran, suka mai da shi gidan littattafai, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse. Aka kira maginan da suka yi aikin farko suka sa hannu cikin gyaran, aka gama cikin 2018. Ginin da 'yan gari suka san yadda a ke yaɓensa, gyaransa ba ya jiran baƙo.

To, wanda aka kawo wa tsarin sabon gini don ya sa hannu, ko na littattafai ne ko na shan magani, ya kamata ya yi tambaya huɗu kafin ya dubi kyan hoton. Shin ginin ya san rana da iska da damina na wurin da za a kafa shi? Me ke cikin ƙasar da za a haƙa, ko me za a rushe, an kuwa bincika? Nawa aka rubuta domin abin da za a sa ciki, da albashi, da gyara, a bana da baɗi da shekara goma masu zuwa? Wa za a ba riƙonsa, don saninsa ne ko don kusancinsa? Wanda ya sayi doki ya san da harawa da dawa kowace safiya, mai soro kuma ya san da yaɓe kafin kowace damina.

Gardama a kan siffar gini ba laifi ba ce, alama ce jama'a sun kula. A bar masu ido su faɗi ra'ayinsu, a saurare su. Amma ma'aikaci ya sani rabonsa na aikin yana cikin littafin kasafi, a layin da a ke sabuntawa kowace shekara. Sarakunan Batlaimus sun riƙe wannan layi wajen shekara 150, duniya ta amfana har yau. Magadansu suka sake shi, taskar ta tafi har ba a san inda harsashinta ya ke ba. Allah ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon kula da abin da suka gada da abin da suka gina.